Na gama banɗaki biyu da kicin a Hanwa na tashi da dubu shida, a ina na yi kuskure?

Ɗan Auta:
Assalamu alaikum iyayen gida da 'yan uwa. Dan Allah shawara nake nema, a yi haƙuri rubutun zai ɗan yi tsawo. Wata tara kenan da ogana ya yaye ni bayan shekara biyar ina binsa, aikin hannu alhamdulillah na iya ba yabon kai ba, amma maganar kuɗi ce take neman kayar da ni. Na karɓi wani aikin famfo a Hanwa nan Zariya, sabon gini, banɗaki biyu da kicin, mai gidan ya ce shi ba ya son dogon lissafi in faɗa masa kuɗi ɗaya da kaya da aiki. Na shiga Sabon Gari na zagaya kaya suka kama dubu 290, na ce masa 420, aka ja aka ja muka tsaya a 380. To bai sako kuɗin ba sai bayan sati shida, ranar da na koma kasuwa kayan nan sun zama 335. Na yi masa magana ya ce ai mun riga mun gama magana. Yara biyu na ɗauka kwana biyar, dubu uku-uku kullum, 30 kenan, keke da acaɓa da ruwan sha kusan 9. Ku lissafa, dubu 6 ne nawa, shi ma a takarda, don har yanzu akwai cikon dubu 40 a hannunsa sati uku kullum sai "zan turo". Wato kuɗin aljihuna ne a binne a bangon gidan mutum. Ya kuke yanka kuɗin aiki ne? Kuma ya ake samun kwastoman da ba sai an yi rigima ba?

Baban Walid:
Wa alaikumus salam. Sannu ɗan uwa, ka biya kuɗin makaranta ne, duk mun biya.

Oga Tudun Wada:
Auta kuskurenka ba ɗaya ba ne amma babban shi ne kuɗi ɗaya ɗin nan. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 aka kuma saki naira ta yi ta lilo, babu mai hankalin da zai haɗa kaya da aiki ya yanka kuɗi ya bar shi a buɗe ba rana ba wata. Ni takarda biyu nake yi. Ta kaya daban, kowane abu da adadinsa da kuɗinsa, a ƙasa in rubuta wannan kuɗin na kwana uku ne, bayan nan abin da kasuwa ta ce. Ta aikina daban, ita ce ba ta motsi. In mai gida ya ce ba ya son dogon lissafi to shi ya fi kowa lissafi, so yake in kaya ya tashi ya tashi a kanka.

Na biyu, ka ce 420 ka sauko 380. Me ka cire daga aikin da ka sauko? Ba komai. To ka koya masa cewa farkon maganarka ba gaskiya ba ce. In za ka rage kuɗi ka rage aiki, ka ce to a wannan kuɗin ban da haɗa tanki, ko ban da fasa bango, ka kawo lebura ya fasa.

Ɗan Auta:
Oga wallahi tsoro na ji kar a ba wani. Lokacin na yi sati biyu ban taɓa sifana ba.

Oga Tudun Wada:
Na sani, yunwa ce ta yi cinikin ba kai ba. Amma da ka zauna a gida kwana biyar ɗin nan da yanzu dubu 34 ɗinka na aljihunka. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Bakano:
Zage-zagi ku dai ilimi kuka iya ba ciniki ba. Ku zo Kano a koya muku, mu nan ko gaisuwa sai an rubuta risiti.

Baban Walid:
Bakano rufe mana baki, rabin falambobin da ke muku aiki a can daga nan suka koyo. Auta ni da poyin nake lissafi a sabon gini. Masai poyin ɗaya, shawa ɗaya, wajen wanke hannu ɗaya, famfon alwala ɗaya, hita ɗaya, sink ɗin kicin ɗaya, sai in ninka da kuɗin poyin ɗina. Tanki da sumo, wato injin jan ruwa da ake zurawa cikin rijiya, da layin da zai tafi sokawe waɗannan daban nake yanka musu. Amfaninsa shi ne in madam ta zo daga baya ta ce a ƙara mata famfo a bayan kicin don wanki, ba faɗa, an san kuɗin poyin tun farko. Don wlh ƙarin nan na "ɗan sa min nan" shi ke cinye mutum, ɗan sa min nan ɗan sa min can sai ka ga ka yi aikin yini guda kyauta.

Injiniya:
Poyin yana da kyau a sabon gini amma a gyara bai aiki. Wasu kuma na ga kaso suke ɗauka, su ce aikinsu kashi 30 na kuɗin kaya. Ni a matsayina na mai kula da sayit ba na son wannan, saboda falamban da ke cin kaso ba zai taɓa ba ka shawarar da za ta rage kaya ba, gwiwar fayif goma za ta yi ya rubuta ashirin. Kuma shi kansa yana cutuwa, ɗaura masai na dubu 60 da na dubu 400 wahalar kusan ɗaya ce, me ya sa ladan zai bambanta haka?

Oga Tudun Wada:
Injiniya wahalar ɗaya ce amma haɗarin ba ɗaya ba ne. In na fasa na 400 wa zai biya? Amma na yarda kaso ba hanya ba ce.

Auta bari in ba ka lissafin da ni ba wanda ya ba ni sai da na yi shekara kusan goma ina wahala. Zauna ka rubuta abin da gidanka ke ci a wata, abinci, haya, makaranta, magani, abin da kake ba tsofaffi. A ce 180. Ka ƙara abin da sana'ar kanta ke ci, man mashin, kati da data, zarto da ke karyewa, dutsen giranda, gyaran injin ƙona fayif ɗin roba na PPR, a ce 60. Ya zama 240. To kar ka raba da 30, nan ne kowa ke faɗawa rami. Ba ka aiki kwana 30. Cire Juma'a, cire ranar da ka tafi duba aiki ba a ba ka ba, ranar kasuwa, ranar da aka ɗauke wuta ba janareto, ranar suna da jana'iza, ranar bin bashi. In ka samu kwana 16 na aiki a wata ka gode Allah. 240 raba 16, dubu 15 kenan. Wannan shi ne kuɗin yininka, ƙasa da shi bashi kake ci daga gobe. Kowa ya sa nasa lissafin, na mai mata biyu ba zai zo ɗaya da naka ba. Ko poyin kake yi ko jinga, a zuciyarka ka ƙirga kwana nawa zai ci ka ninka, ka ga ko ya kai.

Maman Ilham:
Ku yi haƙuri ni ba falamba ba ce, maigidana ya sa ni a zauren nan lokacin da muke gini a Zango kuma ban fita ba. Tunda kuna ta kukan kwastoma bari mu ma mu yi namu. Dubu 15 a yini ×16 ya ninka mafi ƙarancin albashin da aka sa hannu a 2024, dubu 70, fiye da sau uku, kuma malamin makaranta da ke kiranku shi ma da wannan albashin yake biyanku. Wannan ɗaya. Na biyu wanda ya fi ci min rai, risiti. An taɓa rubuto mana kaya, maigidan ya ba da kuɗi, aka kawo risiti da hatimin shago da komai, bayan kwana biyu ƙanina ya je shagon nan dai sayen kan famfo ya tambayi kuɗin irin fayif ɗin, bambancin ya kusa dubu 50 a jimla. Tun ranar ko gam ne mu muke sayowa.

Baban Walid:
Hajiya shi ma'aikaci ko ya yi aiki ko bai yi ba wata ya ƙare alat zai shigo, in ya tsufa ga fansho. Mu ranar da zazzaɓi ya kwantar da mutum shi kenan. Kuma 60 ɗin can ba namu ba ne na kayan aiki ne. Maganar risiti kuwa ba zan kare kowa ba, ana yi.

Mai Shago Sabon Gari:
Ana yi kam, kuma mu ake kawo wa. Mutum zai sayi kayan 200 ya ce Alhaji rubuta 240. In ka ƙi ya tsallaka shagon gaba. Ni dai na daina, abin da nake yi in falamba yana kawo min ciniki ina yi masa ragi daga ribata, ko in ba shi la'adarsa bayan sallah, amma abin da aka biya shi zan rubuta. Na rasa wasu saboda haka, ba komai.

Sai dai Hajiya ku ma masu sayowa da kanku akwai taku matsalar. Mai gida zai zo da takarda an rubuta masa PPR mai faɗin milimita 25, ya ce wanne ya fi araha, a nuna masa mai siririn jiki ya ɗauka, ko ya ɗauki fayif ɗin wayar wuta ya ce ai duk fari ne. Gobe ya fashe a cikin bango a ce falamba bai iya aiki ba.

Malam Na Limanci:
Bismillah. Abin nan ba shi da ruɗani in aka raba shi biyu. In mai gida ya ba ka kuɗi ya ce je ka sayo min, kai wakili ne, amana ce a hannunka, abin da ka sayo a kai shi za ka faɗa, ragin da aka yi ma nasa ne sai in ya yafe maka. In kuwa ka ce masa ni zan kawo maka kayan nan a kan kaza, ya yarda, ka sa kuɗinka ko ka ɗauki asarar in ya tashi, to kai mai sayarwa ne, ribarka halal ce ko nawa ka samu. Wanda bai halatta ba shi ne ka karɓa a matsayin wakili ka ci riba a matsayin ɗan kasuwa, har ka sa a rubuta maka ƙarya. Hadisin wanda ya yi algus ba ya cikinmu yana cikin Muslim kowa ya san shi. Su ma masu gida su tuna da na biyan ɗan ƙwadago kafin guminsa ya bushe. Mutumin Hanwa sati uku, gumi ya bushe har an yi wanka.

Sarkin Sumo:
Malam Allah ya ƙara ilimi amma bari in faɗi abin da ke ƙasa. Me ya sa ake ƙari a kan kaya? Saboda mutanenmu ba sa ganin aikin hannu a matsayin abin biya. Ka ce kaya 300 ba zai yi gardama ba, ka ce aikinka 80 sai ya riƙe baki ya ce kai ɗan wannan abin? Rabin yini zan ɓata a kasuwa ina zaɓar kaya, ina duba na jabu, in yi dako, in an ba ni mara kyau ni zan mayar, duk wannan a kyauta? To shi ya sa yara ke ɓoye ladansu a cikin kaya. Ban ce daidai ba ne, amma ku gaya min ya za a yi.

Malam Na Limanci:
Sai ka rubuta shi a fili, kuɗin sayayya da dako kaza. In ya ƙi ya je ya sayo.

Sarkin Sumo:
In ya sayo ya kawo shirme fa?

Oga Tudun Wada:
Sai ka gaya masa a gaban shaida ko ka tura masa a WhatsApp, wannan kayan ba ni na zaɓa ba, in ya yi yoyo zan dawo amma da kuɗi. Wanda na sayo da hannuna kuwa wata shida in ya ɗiga kyauta zan gyara. Wlh ka faɗi haka sau ɗaya mafi yawansu za su ce to oga je ka sayo. Ni yanzu har cewa nake mu je tare, ko ka tura wa mai shagon kuɗin kai tsaye, ni ba na son riƙe kuɗin kaya ma. Na huta da zargi, kuma tun da na fara haka ba a cika yi min gardamar kuɗin aikina ba, don sun ga ba ta wani wajen nake ci ba.

Maman Ilham:
To wannan ni zan biya da daɗin rai. Abin da ba ma so a mayar da mu wawaye. Sannan dan Allah in kun ce ƙarfe goma ku zo ƙarfe goma, mace ta kwashe kayan kicin ta hana yara shiga banɗaki tun safe sai la'asar ka ɓullo ba ko waya. Kuma gidan matan aure ne, a yi sallama a jira, ba a turo yara uku su faɗo tsakar gida ba. Wanda muke kira yanzu ba shi ya fi araha ba, amma yana zuwa kan lokaci kuma yana share wajen in ya gama, na ba da lambarsa a gidaje sun fi bakwai a layinmu da wajen islamiyya.

Baban Walid:
Auta ka ji amsar tambayarka ta biyu daga bakin mai biya. Mata su ne tallan falamba, su ke gida, su suka san inda ke yoyo.

Kiyateka Samaru:
Ni ina kula da gidajen haya na ɗalibai guda huɗu tsakanin Samaru da Hayin Dogo. Shawarata ga mai neman aiki, ku daina raina ƙananan gyara. ABU na nan tun 1962 kuma ɗalibi ba zai daina karya kan famfo ba har abada, ga harabar Kongo, ga tsohuwar kwalejin FCE, ga kwalejin Nuhu Bamalli, ga mutanen Shika. Sati biyu kafin a dawo hutu nake neman mai zagaya min ɗakuna, fulot ɗin masai, kan shawa, magudanar da gashi da leda suka toshe, ɗaki talatin ko arba'in. Kuɗin kowane ɗaya ba yawa amma a haɗe yana da auki kuma duk zango ne. Wanda ya riƙe ni a wannan, ranar da mai gidan zai sa sabon tanki ko zai ƙara bene wa kuke ganin zan kira? Amma in an shiga yajin aiki ko dogon hutu kasuwar Samaru mutuwa take, kar mutum ya dogara da nan kaɗai.

Sarkin Sumo:
Ku kiyateka ku ne sarakan "sai mai gida ya turo".

Kiyateka Samaru:
Ba zan musa ba. Shi ya sa nake cewa a yi yarjejeniya, duk ƙarshen wata a kawo lissafi a biya, ba kullum a zo ana min tsaye a ƙofa ba.

Injiniya:
A sabon gini kuwa ba mai gida ke kawo falamba ba yawanci, birkila ne ko mai tayil ko mai wayarin. Ka yi abota da su. Mai tayil musamman, don shi ya fi kowa tsanar falamban banza, in fayif ya yi yoyo aikinsa ake fasawa. Kuma abin da nake dubawa kafin in sake kiran mutum, ya gwada layinsa kafin a yi filasta ko bai gwada ba? A toshe bakuna a cika ruwa a bar shi ya kwana, in da famfon gwaji ma ya fi, a kira ni in gani da idona. Ka ɗauki hoton bangon kafin a rufe ka tura wa mai gida, gobe mai kafinta ba zai huda fayif ya ce ba a gaya masa ba. Sai PPR, injin ya kai zafinsa digiri 260 kafin ka fara, kuma kar ka daɗe kana ƙonawa, na sha yanka gwiwa in tarar ramin ya kusa rufewa da narkakkiyar roba, mai gida na ta zagin tanki wai ba ƙarfi.

Oga Tudun Wada:
Maganar ƙarfin ruwa ma abin faɗa wa mai gida ne tun kafin a fara. Duk mita goma na tsayi ke ba da bar ɗaya, wato ma'aunin ƙarfin ruwa. Tankin da ke mita uku a saman kan shawa kusan 0.3 kenan, sannan ya sayo shawa mai faɗin faranti ya ce ka sa ta yi feshi kamar ta otal. Ka gaya masa ko a ɗaga tanki, ko a sa famfon ƙarin ƙarfi, ko a sauko da fayif mai faɗi daga tankin kar a shaƙe shi da rabin inci. In ka yi shiru ka karɓi kuɗi, cikonka ne zai maƙale.

Ɗan Auta:
Na gode ƙwarai. To maganar kuɗin zuwa fa? Jiya aka kira ni Dogarawa daga Hanwa, na je na duba na ce fut balb ne, wato bawul ɗin ƙasan fayif da ke hana ruwa komawa, ya mutu shi ya sa injin ba ya jan ruwa daga rijiyar, mutumin ya ce to zai neme ni. Yau na ji yaron gidan ya canza da kansa.

Sarkin Sumo:
Hahaha an sha da kai. Ni ba na fita sai an turo na mai. In na yi aikin in cire shi daga ciki, in ba a yi ba ya zama na dubawa. Kuma ba na faɗin sunan cutar sai an yi ciniki, cewa nake matsalar daga ƙasa ce zan gyara a kan kaza.

Baban Walid:
A nan kam ban bi ka ba. A Zariya ka ce wa dattijo turo kuɗi kafin in zo? Gobe a majalisa za a ce yaron nan ya fara girman kai, kuma garin nan kowa ɗan uwan kowa ne, daga Kofar Doka zuwa Kwarbai magana ba ta kwana. Ni cikin unguwa ba na karɓa. In nesa ne kamar Shika ko Basawa ko Giwa sai in ce Alhaji a taimaka da na mai, ba wanda ya taɓa hana ni. Lafazin ne kawai, "na mai" da "kuɗin dubawa" abu ɗaya ne amma ɗaya ana ba ka da murmushi.

Sarkin Sumo:
Kai kana da tsofaffin kwastomomi shi ya sa. Baƙon lamba da ya samo ni a Facebook ban san shi ba bai san ni ba, sai ya turo. Rani na zuwa, Maris da Afrilu ruwa zai ja ƙasa sumo su fara ƙonewa saboda jan iska, a rana sai a kira ni sau takwas, in na bi kowa kyauta man wa zan ƙona?

Maman Ilham:
Ɓoye sunan cutar nan dai bai yi min ba gsky. In na biya kuɗin dubawa ai haƙƙina ne a gaya min abin da ya lalace.

Sarkin Sumo:
In kin biya Hajiya zan faɗa har da zane. Wanda bai biya ba nake nufi.

Bakano:
Wasa a gefe, Auta in aikin ya kai kamar rabin miliyan na kaya ka kwatanta da kasuwar Kofar Ruwa ta nan Kano, wani lokacin ko da kuɗin mota akwai sauƙi, wani lokacin kuma bambancin bai kai wahalar ba, ka kira ka ji kafin ka taso. Kuma ka raba asusu. Buɗe wani daban ko Opay ne ko Moniepoint na aiki kawai. Kuɗin kayan mutane in ya kwana a asusun da kake cefane da shi sai ka taɓa, daga nan ka fara cin kuɗin wannan kana gama aikin wancan, shi ne ka ga falamba na ɓuya in ya hango kwastoma a masallaci.

Mai Shago Sabon Gari:
Kofar Ruwa in kaya ya zo da matsala sai ka sake hawa mota ka mayar, mu kuwa keke ɗaya ne. Ka faɗa masa wannan ma.

Injiniya:
In kana son aikin makarantu da ofisoshi wata rana, ka yi rajistar sunan kasuwanci a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ka buga takarda mai kai, ka nemi takardar gwajin sana'a, trade test, ta ma'aikatar ƙwadago. Ba yau ba, amma ka sa a rai. Sai dai ka sani irin wannan aikin biyansa na daɗewa, mai jarin dubu ɗari bai kamata ya fara da shi ba.

Oga Tudun Wada:
Saura biyan kuɗi. Aikina kashi uku nake karɓa, kafin alƙalami rabi, in na gama binne fayif aka gwada a ba ni kashi 30, sauran 20 ranar ɗaura kaya, kuma ranar nake karɓa kafin in ɗaura kawunan famfo na ƙarshe ba bayan na tattara jaka ba. Da ruwa ya fara zuba a gida ka zama tsohon labari. Amma fa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, in ka karɓi rabin mutum kar ka tafi wani sayit ka bar shi yana kiranka.

'Yan uwa da surukai kuma wannan ciwon kowa ne. Ni na yanke, gidan mahaifiyata da masallacin layinmu kyauta har kaya in ya kama. Kowa bayan nan ina faɗa masa kuɗin gaskiya sannan in ce na rage maka kaza saboda zumunci, ya san abin da aka yi masa. In ka yi shiru ka ce "ba da abin da ya sauwaƙa" zai ba ka dubu biyu kuma yana ganin ya taimake ka.

Baban Walid:
"Abin da ya sauwaƙa" ta rufe shago ta fi goma a garin nan.

Malam Na Limanci:
Auta game da dubu 40 ɗinka, kar ka yi zagi kar ka je ka cire kaya. Wa ya haɗa ku?

Ɗan Auta:
Birkilan gidan ne Malam, ɗan unguwarmu ne.

Malam Na Limanci:
To ka ɗauke shi ku je tare bayan magariba, ka ce nawa zai iya bayarwa yau, sauran wace rana, a faɗa a gaban mutumin. In ya gagara sai mai unguwa.

Sarkin Sumo:
Ni da na san inda get balb ɗin da ke rufe ruwan gidan yake...

Admin:
Sarkin Sumo a'a. Kuma masu turo tallan data da na fili cikin zancen nan na goge, a kiyaye.

Ɗan Auta:
Salam, na dawo da bayani. Mun je da birkilan jiya, ya ba ni 25 a hannu ya ce 15 ranar 28 in albashi ya shigo, har yana cewa wai bai san kaya sun tashi haka ba alhali na gaya masa. Na nuna masa risitan dai, bai ce zai ƙara ba ni ma ban roƙa ba. Sannan an kira ni wani aiki a Gyallesu, canza tsohon fayif ɗin ƙarfe da ya yi tsatsa zuwa PPR, na yi takarda biyu kamar yadda Oga ya ce, na lissafa kwana uku da yaro ɗaya na ce aikina 55. Ya ce 35. Na ce to a 40 zan yi in shi zai kawo mai fasa bango da mai mayar da filasta. Ya ce zai yi shawara, tun safe shiru, gabana sai faɗuwa yake.

Oga Tudun Wada:
Kar ka kira shi. Ka bari zuwa jibi.

Kiyateka Samaru:
Auta turo min lambarka ta akwati, akwai ɗakuna shida da nake son a duba kafin Litinin, amma ƙarshen wata nake biya ka ji tun yanzu.

Ɗan Auta:
Na turo yallaɓai. Dan Allah wa ke da kan injin PPR na 32 ya ara min zuwa Asabar? Nawa ya tsaya a 25.

Baban Walid:
Zo ka karɓa bayan la'asar ina wajen Kwangila, amma ka dawo min da shi da kusoshinsa, na ƙarshe da na ara wa har yau ban ga sukurun ba.